Rabin Fuskar Anselmo

"Juya ki dubi taga," in ji Don Fidencio. "Ba haka ba. Saki haɓar nan, ba gaban alƙali kike ba."

Doña Otilia ta juya. Ta tagar tana hango motar nan mai baƙin gilashi, marar lamba, a gindin bishiyar lemo inda aka girke ta tun hantsi.

"Ka yi sauri, maƙwabci. Na bar tukunyar tamal, alalar masarar nan tawa, a kan wuta."

"Tamal ɗinki ko ya ƙone, wa zai gane bambanci?"

Ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama tari. Ƙanwarsa Herlinda ta shigo da kwano, ya tofa, ta yi maza ta rufe da tsumma. Otilia dai ta riga ta ga launin abin.

Shekara tara ke nan da ɗanta Anselmo ya shiga motar zuwa arewa, ƙetaren iyaka, neman aiki, bai isa ba, bai dawo ba. Takardar cigiyar da hukuma ta buga tana ɗauke da hoto kamar tambarin babban yatsa, dishi-dishi, ko uwar da ta haife shi sai ta ƙura ido. Fidencio ne ya karɓi hoton ya mayar da shi fuska. Shi ya san girman da suna zai yi har mai wucewa a bas ya karanta, shi ya san jan da ba ya koɗewa a rana. Duk shekara, kafin tattakin iyayen da 'ya'yansu suka ɓace, yakan ƙara wa kowace fuska shekara guda, don kada a yi ta neman yaro alhali magidanci ya kamata a nema. Kuma ba ya ƙaga tsufa da ka. Uwar yake zaunarwa, ya ɗebo daga fuskarta.

Unguwar nan kaf ba shagon da ba hannunsa a jiki, daga allon mahauci har zanen jaririn da ke ƙofar ungozoma. Amma in ka tambaya sai a ce, "Au, tsohon nan mai 'yan zane-zane?" Warin tawadar maɗaba'a ya cinye masa huhu a gaban idonsu, ba wanda ya taɓa cewa a fasa wa wurin taga.

Yanzu ba ya iya zama gaban kwamfuta. An jingine shi da matasai, allo a cinya, yana bin wani kwafin hoton mai haske-haske da fensir. Daga hagu yake farawa, don kada gefen hannunsa ya goge aikin.

"Yaya, ajiye abin nan," in ji Herlinda, murya ƙasa-ƙasa. "Jiya mutanen motar can sun shiga shagon Nicanor mai kwafi. Wai wa ke yin fuskokin nan."

"Me ya ce musu?"

"Ya ce bai sani ba."

"Karo na farko da Nicanor ya faɗi gaskiya. Bai san komai ba." Ya ɗaga ido ya dubi Otilia. "Wannan layin da ke gefen bakinki, bara babu shi."

"Kai ka sa min shi da surutunka."

"To na ba ɗanki." Fensirin ya yi ƙara a takarda. "Ran Asabar ne tattakin?"

"Asabar."

"Gobe ki dawo mu yi ɗaya gefen."

Washegari ta dawo, yana barci, bakinsa a buɗe, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ta zauna a kujerar, fuskarta wajen taga, ko zai farka ya same ta a shirye. Bai farka ba. Ran Alhamis da safe, tana cikin naɗe ƙullu a ɓawon masara, ta ji an rufe tagogin gidansa ɗaya bayan ɗaya.

Masu ta'aziyya sun cika gidan. An sha kofi, an yi addu'a, mahauci ya yabi san da ya zana masa a allo har da ƙwalla. Fuskokin kuwa ba wanda ya ambata. Kowa in zai fita sai ya sunkuyar da kai ya bi gefen da ba motar.

A bayan gida Otilia ta tarar da Herlinda tsugune gaban garwa, hayaƙi na tashi. 'Ya'yan mutane ne take turawa ciki, takarda bayan takarda.

"Herlinda."

"Kada ki dube ni haka, Doña. Shi ya tafi ya huta. Ni ce zan kwana a gidan nan." Ta sa hannu cikin rigarta ta zaro takarda guda. "Ungo. Ban ba ki komai ba."

Gefen hagu magidanci ne, kunci ya faɗa, ga layin nan a gefen baki. Gefen dama yaron da ya shiga mota ne.

Da ta kai shagonsa a buga mata kwafi, Nicanor ko karɓar takardar bai yi ba.

"Injin ya lalace, Doña."

"Ga shi can yana ƙugi."

"Ƙugin lalacewa ne." Ya dubi titi. "Kuma ai ba a gama ba. Ki kai gida ki adana, ita kaɗai gare ki. Ni ina da 'ya'ya."

"Ni ma ina da," in ji ta.

Ran Asabar garin ya tashi da hadari. Bangon tashar mota, inda ake liƙa fuskokin, an shafe shi da farin fenti fes, ga warinsa bai gushe ba. Sauran matan suna can gaba suna taruwa, riƙe da hotunan bara. Otilia ta daɗe tsaye da takardar a hannu. In ta koma da ita gida, tana da ɗanta a akwati, inda ba mai ganinsa sai ita. Ta buɗe gwangwanin kokon rogo, ta shafa a bango daidai tsayin tagar bas, ta manna, ta bi gefunan da tafin hannu.

A tsallaken titi motar nan mai baƙin gilashi ta zo ta tsaya, ba a kashe injin ba.

Yayyafi ya fara sauka. Ta zare mayafinta, ta ɗaga shi da hannu biyu a saman takardar, ta tsaya.