Ƙofa ta Bakwai

Dimitri ya dawo cikin mota yana kaɗe jar ƙasa daga wandonsa, sai murmushi yake yi. Ƙofa ta goma sha ɗaya ke nan tun safe. A wannan hanya, wanda ya zauna kusa da direba shi ke sauka ya buɗe ƙofofin shingen makiyaya, mota ta wuce, ya mayar ya rufe. Shi kuwa haifaffen birnin Adelaide, wanda bai taɓa kusantar saniya ba sai a faranti, aikin ya yi masa daɗi ba kaɗan ba.

Matarsa Shae ce ke tuƙi. A baya, surukarsa Glenys ta farka tana miƙa wa jikarta Tilly burodi da naman gwangwani. Gidan yayan Glenys za su, can gaba da garin Marree, inda za a gasa rago don ya cika shekara saba'in.

"Kaka, minsharinki ya fi injin nan ƙara," in ji Tilly.

"Ke da bakinki kamar rediyo? Ci ki ba mu lafiya."

Dimitri ya juyo yana dariya. "Mama, mutanenku fa akwai sakaci. Ƙofa ta bakwai, ta wajen famfon iska, a hangame na same ta, har da dutse a tokare. Sai da na ture dutsen na ɗaure ta da sarƙa tamau."

Glenys ta daina tauna. "Shae, tsaya."

Motar ta tsaya a tsakiyar fili, babu gida, babu itace, sai ƙudaje.

"A buɗe ka same ta, ka rufe?"

"Eh mana."

"Kai, ɗan nan! Ƙofa yadda ka same ta haka ake barinta. Da gangan mai shanun ya buɗe. Ruwan yana gefe ɗaya, kiwon yana ɗayan. A zafin nan, kafin gobe shanu masu shayarwa sun fara faɗuwa, shi kuma ba zai zagayo ba sai bayan kwana uku."

"Ni na ɗauka fitsari ya sauka yi," in ji Shae a hankali.

Kunya ta rufe Dimitri, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya duba wayarsa, ko alamar layi babu. Kilomita saba'in ne a baya, a hanyar da ke girgiza haƙora.

"To, ragon fa?" in ji Tilly.

"Yayana shekara saba'in yana cin abincinsa ba tare da ke ba. Juya, Shae."

Ƙofofi huɗu ya sake buɗewa yana rufewa. Tun daga nesa suka jiyo kukan. Shanu sun fi ɗari, sun matsu a bayan ƙofar, suna hangen kwamin ruwa ta cikin waya.

"Cire sarƙar ka haye shinge," Glenys ta ce masa. "Kada ka tsaya kallo."

Ya cire, ya ɗare da kyar, garken ya kwararo ta ƙarƙashinsa. Da ƙura ta lafa sai ya ga wani ɗan maraƙi kwance a gindin shinge, ya kasa tashi. Bai tambayi kowa ba. Ya sungume shi, ƙafafu a sama, ya kai shi bakin kwami yana haki. Maraƙin ya tsoma baki, ya sha, ya sha, sannan ya miƙe yana tangaɗi ya nufi uwarsa.

Tilly ta yi ta tafi, Shae na dariya har da hawaye. Glenys ta zuba shayi a murfin fulas, shi ta fara miƙa wa. Suka jingina da mota. Daɗi ya cika shi, rigarsa duk kashin shanu amma ko a jikinsa.

"Mama, don Allah kada ki faɗa wa Kawu."

"Tun kafin mu sauke kaya zan faɗa. Ai duk wanda zai zauna a teburin nan ya taɓa rufe tasa ƙofar."

"Har ke?"

Ta kurɓi shayinta, idonta a kan shanun.

"Ina 'yar shekara tara," ta ce. "Mu sai bayan kwana huɗu muka koma."

Ba ta bari an tayar da mota ba sai da saniya ta ƙarshe ta ɗago kai daga ruwan.