Sanda Biyu, Tuta Ɗaya

Tokuji na cikin ɗaure hular kwanonsa mai ruwan goro a bakin tashar jirgin ƙasa ta Osaka, sai wayarsa ta yi ƙara. Genzo ne, ɗaya mutumin da ya rage a ƙungiyarsu ta juyin juya hali.

"Kwamared, bayana ya riƙe. Ko shinkafa sai da aka ba ni a baki."

Tokuji ya kashe wayar. Yau ranar ma'aikata, tutarsu kuwa doguwa ce mai sanda biyu, sai da mutum biyu. Tun suna ɗalibai ba ta taɓa fashin fita ba, kuma a wannan harka duk ƙungiyar da ba a ga tutarta ba, to an yi jana'izarta.

Can gefe ya hango Sumie da koriyar hularta, ita kaɗai tilo, tana miƙa takardun da ba mai karɓa. Ƙungiyarta ce ta ɓalle daga tasu shekaru hamsin da suka wuce, kan wata jimla da shi kansa ya manta. Ya haɗiye girman kai ya ƙarasa.

"Malama Sumie, barka da hantsi."

"A'a! Yaron 'yan jari-hujja ya iya gaisuwa?"

"Sanda ɗaya za ki riƙe mini. Daga nan zuwa gada."

"In riƙe tutar maciya amana? Da raina?"

"Ba sunanmu a jiki, asu ya cinye wurin."

Ta ƙare wa ƙyallen kallo, ta tuntsire da dariya har hularta ta zamo.

"Kawo. Amma ka sani ba haɗin kai ba ne. Kuma kada ka matso kusa da ni, a gan mu."

"Ni ma Allah ya kiyaye."

Suka shiga jerin gwano a bayan ma'aikatan jinya. Ita ta ja can dama iya ƙarfinta, shi ya ja hagu, kowa ya kau da kai yana rera takensa daban. Daɗi ya cika Tokuji, sai dai ya ɗaure fuska tamau.

A shekarun baya, shi da Genzo kafaɗa da kafaɗa suke tafiya suna hira, tutar na lanƙwashe a tsakiya kamar shanya, rubutunta ba ya karantuwa. Yau ƙiyayya ta miƙar da ita sarai. A kan gada wata mata ta tsaya da kekenta, ta karanta rubutun a bayyane, ta gyaɗa kai.

"Ikon Allah," in ji ta. "Duk shekara ina ganinku. Ashe abin da kuke nema ke nan."