Kifayen da Barakatu Ta So Gani

"Ga ta nan, ku matso kusa, jikokina."

"Ta zo mu saurara, Kaka."

A unguwar Nuzla muna da maƙwabciya, Barakatu, baiwar Allah, yanar ido ta fara rufe mata gani. Ɗanta Rafi'u yana tuƙa wa wani Bature kwalekwale, Baturen ne ya koya masa nitso da kyamara cikin akwatin ƙarfe, yana ɗaukar kifaye a ƙarƙashin teku. Ita kuwa burinta ɗaya ne, ta ga abin da ɗanta yake gani a can ƙasa.

Da aka wanko fim ɗin, sai ya zauna da almakashi da gam, yana yanke inda ruwa ya yi duhu, yana haɗawa.

"Yalla, Rafi'u, haska mini haka nan."

"Inna, bari in gyara, kada ki ga aikin ɗan koyo."

Haka dai har bayan Hajji. Ranar da ya rataya farin zane a tsakar gida ya kunna majigi, jajayen kifaye suna wucewa, muna ta salati, sai ta juyo ta ce, "An fara ne?"

Barakatu ta rasu da azumi. Baturen ya koma ƙasarsu. Rafi'u ya kama sayar da yadi a kasuwar Bab Makka, bai ƙara nitso ba.