Turmin da Ya Sha Mai

Safara'u ba ta taɓa ɗaukar jikarta ba. An haifi yarinyar a Ingila, inda ɗanta Abdulkabir yake aikin jinya a wani asibiti, aka raɗa mata suna Khaulat. Ta yi zama, ta yi rarrafe, ta fara tafiya, duk a cikin gilashin waya. Abdulkabir ɗan fari ne, don haka ko sunansa Safara'u ba ta kamawa, balle ta ce tana kewarsa. Idan ya kira sai ta tambaye shi aiki da sanyi, ta ce a ba ta ƙawarta. Duk abin da kunya ta hana ta faɗa masa, a kan yarinyar take sauke shi.

Sana'arta daddawa ce. Akwai bishiyoyin ɗorawa a gonar da mijinta ya mutu ya bari, a ƙauyensu da ke gefen Zakirai, kuma da kalwarsu take aiki. Matan ƙauyen sun kafa ƙungiya, suka sami injin liƙe leda, aka buga musu takarda mai suna da zanen layuka baƙaƙe irin na kayan kanti. Wata tana kawo kuka, wata kuɓewa busasshiya, maƙwabciyarta Dorathy tana kawo man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Daddawa kuwa hannun Safara'u ce ita kaɗai. Wani ɗan kasuwa daga Kano yana zuwa ya kwashe, kayan su shiga shagunan da matan ba su san inda suke ba.

Da aka ce wani abokin Abdulkabir zai koma Ingila bayan Sallah, sai ta zaɓi daddawar da ta fi kyau, ta haɗa da kuka, aka liƙe, aka kai masa. Tun daga ranar ta riƙa ganin abin a ranta: yarinyar zaune a gaban tuwo, miya ta ɓata mata baki, ta lashe yatsa. Ba za ta goya ta ba, ba za ta yi mata kitso ba, amma abin da hannunta ya daka zai shiga cikin yarinyar ya zama jini. Wannan kaɗai take nema.

Saƙon ya isa. Abdulkabir ya kira ya yi godiya, ya yaba kukar, ya sake yaba kukar. Safara'u ba yarinya ba ce.

"Daddawar fa?"

"Inna, bari Tahira ta yi miki bayani."

Tahira, matarsa, ta karɓi wayar ta gaishe ta da ladabi. Ta tuna mata cewa jikin Khaulat ba ya karɓar gyaɗa. Sau ɗaya ta ɗanɗana, fuskarta ta kumbura, numfashinta ya sarƙe, sai da aka kwana a asibiti. Tun lokacin duk abin da zai shiga tukunya sai Tahira ta haska layukan da ke bayan ledarsa da wata manhaja, ita kuma ta faɗa mata abin da ke ciki. Ta haska ledar daddawa, manhajar ta nuna jar alama, ta ce abincin gyaɗa ne.

"Gyaɗa a daddawa? Tun da aka haife ki kin taɓa jin haka?"

"Ban taɓa ji ba, Inna. Amma ba zan iya rufe ido in ba ta ba. Na ga yadda ta yi wancan karon."

Safara'u ta ce hakan daidai ne, Allah ya raya. Ta ajiye waya ta zauna a bakin gado har tukunyarta ta kusa ƙonewa.

Ita wannan manhaja ba hukuma ce take cika ta ba. Jama'a ne. Duk wanda ya sayi kaya zai iya ɗaukar hotonsa, ya rubuta abin da ya ga dama a kai, na bayansa su karanta su yarda. Wani wanda bai taɓa jin warin daddawa ba ya tsinci ledar a wani shago, ya ga abu baƙi faifai-faifai, ya ƙaddara ƙuli-ƙuli ne, ya danna gyaɗa, ya wuce harkarsa. Ba mugu ba ne. Ya rubuta abin da bai sani ba ne kawai, kuma a zamanin nan mutane ba sa ɗaukar wannan a matsayin laifi. Laifi ne.

Washegari da hantsi Safara'u ta zagaya gidan Dorathy. Dorathy ce magatakardar ƙungiya, ta yi sakandare, tana da babbar waya. Kakanninta a wannan ƙasa suka yi noma tun kafin a kafa kasuwa, iyayenta ne suka shiga coci. Katanga ɗaya ce tsakaninta da Safara'u, kuma ba abin da bai tsallake katangar ba: wuta, gishiri, rariya, abincin Sallah da na Kirsimeti. Safara'u ta same ta ta gama matsar mai, ta kife babban turminta a gindin dalbejiya, tana murza ƙuli-ƙuli. Safara'u ta zauna a kan turmin ta zayyana mata komai.

Dorathy ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wato sun ba ni daddawarki. To na gode, sai dai warin na bar miki."

"Ke ba ki jin naki, kin saba. Jiya kajina ma sai da suka yi atishawa da kina suya."

"Kajinki da ke kwana a rumbuna."

"Ki bar zancen kaji. Ana gyara abin ko ba a gyarawa?"

Dorathy ta goge hannu a zaninta, ta sauke manhajar, ta ɗauko ledar daddawa ta haska. Ga hoton kuwa, ga jar alamar. Safara'u ta ƙura wa hoton ido. Ta gane daddawarta, har da shatin babban yatsanta a tsakiyar kowace ɗaya, a kan teburin wani baƙo a wata ƙasa. Daddawar ta je inda ita ba ta je ba.

A ƙasan shafin akwai wurin da ake kai ƙorafi idan an ga kuskure. Dorathy tana karanta Turancin tana juya mata. Aka ce a ɗauki hoton takardar, suka ɗauka. Aka ce a faɗi abin da ke ciki.

"Kalwa," in ji Safara'u. "Da ruwa. Sai toka da nake surfe ta da ita, ita ma a wanke take tafiya. Ki rubuta musu kalwa ƙwayar ɗorawa ce, ɗorawa kuma bishiya ce, ba a tona ta a ƙasa."

"In rubuta musu har da sunan gonar?"

"Rubuta. Wanda ya yi ƙaryar ya zo ya gani."

Sabis ya ɗauke, Dorathy ta miƙe ta ɗaga wayar sama ta zagaya bayan rumbu, ta dawo.

"Saura tambaya ɗaya. Sun ce, ana sarrafa wannan kaya da wani abin aiki da yake taɓa gyaɗa? E ko a'a." Ta ɗora yatsa. "A'a, ko? Tukunyarki daban, kwandonki daban."

Safara'u ta buɗe baki za ta amsa, sai ta ji danshi a tafin hannunta. Ashe ta dafa gefen turmin da take zaune a kai. Ta ɗaga hannun ta duba, yana ƙyalli.

Tana da turmi a gidanta, na surfe da dakan fura. Amma idan kalwa ta ruɓa ta yi laushi, za a kirɓa ta a tafa, ba ta taɓa amfani da shi ba. Daddawa tana da danƙo, tana kama busasshen itace ta wahalar da mai daka. Turmin Dorathy kuwa ya shekara da shekaru ana matsar man gyaɗa a cikinsa, ya sha mai har cikin ɓargonsa, daddawa tana sulɓewa a ciki kamar sabulu. Duk mai daddawa a yankin ta san wannan dabara, wurin mai ƙuli-ƙuli ake aron turmi. Uwarta ma haka ta yi. Abin ya zama jiki har ba ta lissafa shi a cikin aiki.

Dorathy ta bi idonta, ta gane. Dariyar ta bar fuskarta.

"Ai ina wanke miki shi kafin ki ɗauka. Da ruwan zafi."

Safara'u ta tashi ta birkice turmin. Ta kama bakin mayafinta ta danna a cikinsa, ta ɗago. Tabon mai ya fito a jikin yadin.

"Wannan ɗan kaɗan ɗin?" in ji Dorathy. "Mutanen nan gyaɗa suka rubuta, kuma babu gyaɗa. Ƙarya suka yi miki, Safara'u. Mu cire ƙaryarsu, shi ke nan. Sauran mu gyara a tsakaninmu."

Safara'u ta san idan aka danna a'a jar alamar za ta tafi, Tahira za ta haska ta ga babu komai, a ɗora miya. Abin da ta kwana tana roƙo ke nan, yatsa ɗaya ya rage. Kuma wataƙila ba abin da zai faru. Wataƙila. Sai dai ba ta san yawan man da ke kumbura fuskar yaro ba, Dorathy ma ba ta sani ba. Idan ta amsa abin da ba ta sani ba, to ita da wancan baƙon ba su da bambanci, sai ma dai shi bai san sunan yarinyar ba.

"Danna e."

"Kin san ba za su ba ta ba."

"Na sani. Ki rubuta musu duka biyun. Ba gyaɗa a ciki, wanda ya ce akwai bai san abin da yake faɗa ba. Amma a turmin man gyaɗa ake kirɓa ta. Mai yarinya irin tawa ya kiyaye."

Dorathy ta rubuta, ta karanta mata, ta tura. Ta koma kan ƙuli-ƙulinta ba ta ƙara tsokanarta ba, sai da Safara'u ta kai bakin ƙofa sannan Dorathy ta ce, "Turmina dai ya shiga duniya. Ko ni ban yi suna haka ba."

Bayan 'yan kwanaki wani daga masu duba ƙorafi ya gyara shafin. Aka cire daddawa daga cikin abincin gyaɗa, aka rubuta kalwa, aka bar gargaɗi ƙarami a ƙasa. Safara'u ba ta jira Tahira ta gani ba, ita ta sa aka kira. Ta ce daddawar nan su manya su ci, kada ko cokalin miyar ya kusanci yarinyar. Ta faɗi dalili ba ta rage komai ba.

Abdulkabir ya ce, "Inna, ni tun ranar da ta zo nake buɗe ledar ina shinshinawa."

Ta ji maganar har cikin ƙirjinta. Ta ce masa ya riƙa sa rigar sanyi, a ba ta ƙawarta.

Khaulat ta bayyana a gilashin, an zaunar da ita a doguwar kujera, gabanta tuwon semo da koriyar miya, kukar Safara'u ce amma babu daddawa. Ta miƙo loma wajen wayar.

"Kaka, ci."

"Wannan miya taki ba ta da gindi, ƙawata. Ci abinki."

Ranar kasuwar Zakirai Safara'u ta je wurin masassaƙa ta zaɓi sabon turmi da taɓarya, aka ɗoro mata a kan babur. Ba ta bar shi a tsakar gida ba, ta shigar da shi ɗakinta ta kife a bayan ƙofa. A ƙauyen ba a hana aron turmi, amma ta hana, ta kuma faɗa wa kowa dalili. Wasu suka ce ta fara girman kai tun da ɗanta ya tafi Turai.

Ta dafa kalwa, ta surfe, ta wanke, ta rufe a kwando har ta ruɓa. Da ta zuba a sabon turmin sai daddawar ta kama itacen ta ƙi saki. Kowane bugu sai ta fizgo taɓarya da ƙarfi, ta tsaya ta kankare da ɓawon ƙwarya. Aikin da take gamawa kafin rana ta yi zafi ya kai ta har azahar, kafaɗunta suna zogi. Dorathy ta leƙo ta kan katanga.

"In kawo miki ɗan mai ki shafa?"

"Ki kawo in shafa miki a baki."

Ta tafa su ƙanana, daidai tafin hannun yaro, ta danna babban yatsanta a tsakiyar kowace ɗaya. Tahira ta ce za ta tambayi likita tukuna kafin a ba Khaulat ko da sabuwar. Abokin Abdulkabir kuma ba zai sake zuwa ba sai wata Sallar. Safara'u ta shanya su a sabon faifai, ta zauna a gefe da kara a hannu tana korar kaji.