Agogon Caji a Gindin Tagar Baba

Wata biyar ke nan Baba bai taka tsakar gida ba. Tun da ciwo ya shanye masa hannu da ƙafar dama, ya sa aka saki labule, ya juya wa duniya baya. Likita ya faɗa ba ɓoye-ɓoye, in bai riƙa tattaki ba ƙafar za ta sandare, kuma shi ke nan. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Mai wayarin ɗin mota da ba hannu, me zai fita yi?"

Abin ya fi cin Auta. Ita ce 'yarsa ta ƙarshe, a kantin magani take aiki yanzu, amma a garejinsa ta girma, kuma duk gidan ba wanda ya san halinsa kamarta. Baba zai yafe maka zagi. Aikin ha'inci ne ba ya iya gani ya yi shiru.

To, ita ma motarta ta ishe ta. Sau uku a wata guda batir yana sauka, sai an tara ƙarti an tura. Ta sayo agogon caji, ɗan ƙarami mai allura, wanda ke nuna ko batir na samun wuta. Ranar Asabar da hantsi ta kawo motar daidai gindin tagar Baba, ta buɗe bonet, ta zazzage tsohon akwatin kayan aikinsa a ƙasa yadda kowane sifana sai da ya yi ƙara.

"Inna!" ta ƙwala kira, alhali Inna na tsaye kusa da ita. "Ba ni leda in naɗe wayar nan, salatif ɗin ya ƙare."

Labulen ya ɗan motsa.

"Wannan jar wayar kai tsaye zan ɗaura ta a kan batir. Fiyus ɗin nan duk ɓata lokaci ne."

Aka yi tari a ɗaki. Can sai murya ta fito, a dashe amma da zafinta: "Ke! Gobara za ki haɗa mini a gida? Layin makulli ake bi!"

"Wanne ne kuma layin makulli, Baba? Duk iri ɗaya nake ganinsu."

Ta cusa kai ƙarƙashin sitiyari. In ya yi tsaki ya koma ya kwanta, ba ta da sauran dabara. Sannan ta ji ƙwas, sanda ta taɓa siminti, ƙafa ta ja a bayanta. Ta fara ƙirga takunsa a zuci, ta kai goma sha ɗaya kafin inuwarsa ta rufe ƙofar motar. Hawaye suka zubo mata, ta goge da gefen mayafi, ba ta yarda ta ɗago ba.

Inna ta turo kujera. Baba ya zauna yana haki, ya nuna da sandar.

"Buɗe akwatin fiyus. Wancan na rediyo, sai an murɗa makulli yake kawo wuta, nan za ki ɗauka. In kika kai shi batir, agogon zai yi ta shan wuta ko mota na kashe. Baƙar wayar kuma ki ɗaure ta a jikin ƙarfe, ki kankare fentin tukuna. Leda! Allah ya shirye ki."

Salatif ɗin da aka ce ya ƙare sai ga shi ya fito daga aljihunta. Ta haɗa komai tsaf, ta kafa agogon a gefen sitiyari, ta murɗa makulli. Allura ta tashi ta tsaya a kan sha biyu.

"Ta da inji."

Inji ya kama, allura ta ƙi gusawa.

"Kin gani? Da yana caji, da ta kai sha huɗu. Batirinki lafiyarsa lau, yunwa ake bar shi da ita. Kashe, ki kama ni."

Ya dafa kafaɗarta har gaban motar. Ya sa babban yatsan hagu ya danna bel ɗin da ke juya injin caji, bel ya lotsa kamar igiyar shanya. Ya ce ta sassauta noti, ta tura injin cajin da ƙarfe, ta ɗaure. Sau biyu yana sa ta sakewa. Da ta sake tayar da motar, allura ta haura a hankali ta tsaya a kan sha huɗu. Inna ta ɗaga hannu sama tana alhamdu lillahi, ko da yake ba agogon take kallo ba.

Baba ya dubi Auta ta wutsiyar ido.

"Ni za ki yi wa wayo? Wa ya koya miki layin makulli?"

"Mantuwa ce, Baba."

"Ƙarya kike." Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Ya gyara riƙon sandar, ya juya, amma ba ɗaki ya nufa ba. "Taka mini birki. Tun ɗazu ban yarda da fitilun bayan nan ba."

Ta taka, tana kallonsa ta madubi yana jan ƙafa zuwa bayan motar, ta ci gaba da ƙirga takunsa daga sha biyu.