Tayoyin Alhaji Ari

Alhaji Ari ya cusa ɗan yatsa cikin zanen tayar, ya zaro ya duba. Ko gaɓa ɗaya bai shige ba. Ya ture ta da ƙafa.

"Ba ta da haƙora," ya ce.

Okechukwu mai shagon ya ce sabuwa ce fil, jiya aka sauke ta daga jirgin ƙasa. A Sabon Gari aka haife shi, Hausa ta zauna masa a baki, kuma ba ya gajiya da ita. Ya nuna hoton zaki da ke jikin robar. Ya ce mai zaki ita ce daidai da kitikar Alhaji, wato ƙaramar motarsa, lambarta ce, faɗinta ne, manyan Fagge duk ita suke hawa. Ko Alhaji Modu ita ya saya wancan watan.

Da ya sani da bai ambaci wannan suna ba. Ari bai sake kallon zakin ba.

Tun yana saurayi Ari ke dillancin dawaki tsakanin Barno da Kano. Da mota ta cinye sana'ar sai ya koma fata da ƙirgi, ya yi arziki, amma idonsa bai bar doki ba. A daminar nan ya sayi kitika a hannun wani Kwara, Balaraben Sham na Kantin Kwari, don kawai Modu, maƙwabcinsa, yana da mota. Ranar Juma'ar da ta wuce aka ajiye motocin biyu gefe da gefe a bakin masallaci. Wani mai tsinin baki ya ce ta Alhaji Ari kamar jaka ce ta raɓu da ingarma. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ari ya ji. Ya dawo bayan an watse ya auna da hannunsa: ta Modu ta ɗara tasa tsayi da yatsa uku.

Yau kuma da la'asar Malam Goni, limamin unguwa, zai sauka a filin jirgi daga Makka. A motar Modu aka kai shi ranar tafiya, lokacin Ari ba shi da ko keke. Yau mota biyu za su tsaya, Malam kuwa ɗaya zai shiga, a gaban jama'ar Fagge kaf. Ari bai yi shakkar cewa wadda ta fi tsayi zai nufa ba. Shi da kansa haka zai yi.

Okechukwu ya gangaro da mai giwa. Ari ya ƙwanƙwasa ta da sanda, ya shinshina, ya ce giwar ma ramammiya ce. Aka kawo mai tauraro. Ya ce wannan ta 'yan boko ce, masu zuwa ofis. Duk wadda aka kawo sai ya tsayar da ita ya auna da taƙi, duk tsayinsu ɗaya da tsofaffin da ke motarsa. Okechukwu ya ce ai dole, kowace mota da lambar ƙafarta, kamar mutum da takalmi. Ari ya ce shi bai zo sayen takalmi ba.

Akwai abin da kowane dillalin doki ya sani tun kafin gemu ya fito masa. Dokin da aka ɗaure a ƙofa ana yabonsa, da ciwo a jikinsa. Na ƙwarai yana can ƙuryar barga, an rufa masa tsumma, in ka tambaya a ce maka gurgu ne, don an ajiye wa wani. Saboda haka Ari ya bar Okechukwu yana zuba, ya kutsa cikin shagon har bango. Can ya ga tarin wani abu ƙarƙashin tsohon tamfol. Ya ɗaga da sanda.

Tayoyi huɗu ne, kowace a kan ƙarfenta, wanda direbobi ke kira wili. Baƙaƙe, masu ƙiba, haƙoransu zaƙo-zaƙo. Ya sa yatsa, ya nutse har gaɓa biyu. Ya auna tsayi, ya sake aunawa. Babu hoton zaki, babu na giwa, sai rubutun Nasara. Wannan ma ya yi masa. Kayan da sai an manna masa zaki, a ganinsa, akwai abin da yake ɓoyewa.

"Alhaji, waɗannan ba naka ba ne," in ji Okechukwu. "Na motar soja ne, ragowar yaƙin Bama. Sun yi wa kitika girma. In ka sa su za ka yi kuka da ni."

A duk maganar da ya yi tun safe, ita kaɗai ce gaskiya tsantsa. Ari ya yi murmushi a karon farko. Ya juya ga Sammani direbansa, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce ya ji ko? Gurgu ne. Sammani magidanci ne mai 'ya'ya da yawa, ya daɗe da gane cewa tuƙi aka ɗauke shi, ba shawara ba. Ya dubi tayoyin, ya dubi ƙasa, ya ce gaskiya ne, Alhaji.

Okechukwu ba wawa ba ne. Tayoyin nan sun shekara da shekaru suna cin masa wuri, ɓeraye sun yi gida a ciki. Ya lura duk sa'ad da ya kushe su, idon tsohon sai ya ƙara haske. Sai ya ƙara kushewa. Ya ce suna da nauyi, suna shan mai, suna ƙara a kan kwalta. Ya mayar da tamfol ya rufe. Daga ƙarshe ya sosa ƙeya ya ce gaskiya ma wani ya riga ya yi maganarsu.

"Wa?"

"Ba na faɗin sunan abokin ciniki, Alhaji."

"Ɗan Fagge ne?"

Okechukwu ya ɗaga kai ya dubi rufi. Ɗan Fagge ne kuwa, wani baduku mai yanka tsohuwar taya yana yin takalma, wanda ya ce ma robar ta yi wa wuƙarsa tauri. Ari bai tambayi sana'ar mutumin ba. Ya riga ya ga fuskar Modu a jikin rufin.

Aka yi ciniki, ba a daɗe ba. Okechukwu ya ce a kawo motar a ɗaura a nan, a zaga da ita a gwada. Ari ya ƙi. Ba a fito da doki a nuna wa unguwa kafin ranar hawa. Aka loda tayoyin a amalanke, aka rufe da tabarmi, aka bi ta bayan layi zuwa Fagge. Okechukwu ya ba da aron babban jak na ɗaga mota, ya ce masu amalanken su dawo masa da shi.

Gidan Ari shi ne a ƙarshen lungu, ƙofar garejinsa tana kallon lungun sak. In ka miƙe za ka wuce gidan Malam Goni, ka je ka yi karo da gidan Modu, sannan ka karya dama ka fita babban titi. Kwanar matsattsiya ce, jakai biyu da kaya ba sa wucewa tare.

Sammani ya rufe ƙyaure ya yi aikin a ciki, gumi na zuba. Ramukan noti suka dace, Ari ya ce wannan alama ce. Da aka sauke jak aka mayar wa masu amalanke, motar ta tsaya ƙerere, tayoyin sun cika ƙarƙashin madigadi, wato murfin ƙarfen da ke saman taya, har sun leƙo waje. Ari ya auna a jikin bango inda ya yi zane da gawayi daidai tsayin ta Modu. Ta wuce da yatsa biyu.

Yakaka matarsa ta kawo masa ruwa, ta tsaya tana kallo. Ta ce motar ta yi kama da yarinya ta saka takalman babanta. Ari ya ce ta koma madafi. Ta koma, amma ya ji ta tana gaya wa wata a tsakar gida, suna dariya.

Bayan azahar ya sa farar rigarsa mai aska, ya naɗa rawani, ya shafa turare. Hawa motar sai da ya kama ƙofa ya yi nishi. Sammani ya tayar, suka fito. Tayoyin suna gurnani a kan ƙasa, mata suna leƙe ta soro. Mutanen da ke zaune a ƙofar gidan Malam suna shirin walima suka miƙe. Ari bai dubi kowa ba, ya ɗaga hannu kawai.

A ƙofar gidan Modu, Sammani ya murɗa sitiyari dama. Sitiyarin ya ɗan tafi, ya cije. Wani ƙara ya tashi kamar ana goga wuƙa a dutse. Tayar gaba ta tokare da ƙarfe, ba wurin juyawa. Motar ta karkata kaɗan, ta doshi ƙofar garejin Modu. Sammani ya yi ribas, bayan motar ya daki katanga. Ya yi gaba, ya sake murɗawa da ƙarfinsa duka. Haƙoran da Ari ya yaba suka kama leɓen madigadi, suka naɗe shi ciki, tayar ta ƙame. Injin ya yi tari ya mutu.

Motar ta tsaya a gicciye, hancinta ya danne ƙyauren kwano na garejin, bayanta dab da bango.

Modu ya fito daga zaure cikin shuɗiyar riga, da mutanensa a baya. Ya zagaya gaban motar a hankali, yana taɓa carbi. Ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi gajiya. Ya ce ma sha Allah, bai san Alhaji ya shiga aikin soja ba. Ya ce kada Alhaji ya damu, akwai wuri a tasa, a baya, kusa da kayan Malam.

Ari bai sauka ba. Ya zauna bai motsa ba, yana kallon gaba. Gaban kuwa ƙyauren Modu ne. Sai ya lura da abin da Modu bai riga ya lura da shi ba. Ƙyauren waje yake buɗewa. Motar Modu tana ciki, an goge ta tun safe an ɓoye ta daga rana.

Modu ya ce wa direbansa ya fito da mota. Direban ya dubi ƙyauren, ya dubi maigidansa. Carbin ya tsaya a hannun Modu.

Daga nan gaisuwa ta ƙare. Modu ya ce a taru a tura. Ƙarti suka sa kafaɗa, tayar da ta ƙame ta kafe a ƙasa kamar an dasa ta. Ya ce a ɗaga a cicciɓa, Ari ya ce ba mai cicciɓar motarsa yana ciki, kuma ba zai sauka ba. Sammani ya ce in an sami jak a cire tayar, za a iya buɗe ƙarfen. Modu ya sa aka bi ta cikin gida aka ɗauko nasa. Aka sa a ƙarƙashi, aka murɗa har ƙarshensa. Bai taɓa ƙasan motar ba.

Ari ya leƙo ta taga ya duba da kyau.

"Bai kai ba," ya ce, yadda kowa zai ji.

Aka tura mutum Sabon Gari a keke ya roƙo na Okechukwu. Wasu suka shiga neman duwatsu da guntun katako. Ana cikin haka jirgin su Malam ya ratso ta kan Fagge, ƙasa-ƙasa, inuwarsa ta shafi lungun ta wuce. Kowa ya ɗaga kai, ban da mutum biyu. Modu yana kallon Ari. Ari yana gyara hannun riga.

Malam Goni ya iso bayan la'asar a motar hayar wani mutumin Sabon Gari, 'yan unguwar da suka je a ƙafa da kekuna suna biye. A bakin titi aka sauke shi, don ba hanya. Ya shigo da sandarsa, tsoho ɗan firit cikin farar jallabiya, ya tarar da mota ta toshe hanyar gidansa. Tsakanin tayar baya da bango akwai ɗan wuri, daidai mutum ɗaya in ya bi a karkace. Malam ya tattara riga, ya dafa tayar da hannun dama, ya matsa ya wuce. Ya dubi tafinsa, ya yi baƙi. Ya ɗaga kai ya ga mai zaune a sama.

"Alhaji Ari ne? Yaƙi za ka?"

Jama'a suka riƙe dariya don girman Malam, ba su riƙe ta da kyau ba. Aka ruɗe da musafaha, kowa na son hannun da ya taɓa Ka'aba. Duk wanda ya gaisa ya koma da baƙi a tafi. Modu ma ya samu nasa.

Sai bayan magariba aka ɓamɓare madigadin, aka jawo motar da baya har gida. Ari ya zauna a tabarma, Yakaka ta ajiye masa tuwo. Ya wanke hannu, ya yi loma biyu.

"Bai shiga ta Modu ba," ya ce.

"Bai shiga taka ba, Alhaji."

Ari ya tauna a hankali, ya haɗiye.

"Tawa ya dafa," ya ce. Sannan ya aika a gaya wa Sammani kada ya kuskura ya wanke tayar baya.