Kyamarar Dogo

Saƙon Manaja ya shigo ƙarfe goma: "Kwana tara Dogo bai kunna kyamara a taro ba. Kin san doka. Kafin sha biyu ki turo sunansa a sallame shi."

Oga ta kalli bangon ɗan sito da ta mayar ofis. Mutum takwas take shugabanta, kowa na aiki daga gidansa, ba ta taɓa ganin ƙafar ko ɗaya ba. Dogo ne gwaninsu. In ta ƙi tura sunansa, nata za a tura.

Ta kira shi a waya.

"Oga, na san laifina."

"Ban tambaye ka laifi ba. Ka karya kuwa?"

Can ta ji ƙarar kwano ya faɗi, wani tsoho yana ƙwala kiran sunan mace.

"Baba ne," in ji Dogo, murya ƙasa-ƙasa. "Mama yake kira, shekara shida da rasuwarta. Tunda ya rikice na ɗauko shi. Ɗaki ɗaya gare ni, Oga. Sai ya tuɓe riga ya zo ya tsaya a bayana. Mutumin da ko hula bai taɓa cirewa a gaban baƙo ba! In kunna abokan aiki su gani?"

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Wa ke tallan tsiraicin ubansa?"

Ƙarfe sha ɗaya taro ya hau, Manaja na ciki yana sa ido. Fuska bakwai a allon kwamfuta, akwatin Dogo baƙi ƙirin.

"Daga yau da murya za mu riƙa taro," in ji Oga. "Kowa ya kashe kyamara."

"Alhamdulillahi!" Gajere, sarkin surutun tawagar, ya ce. "Dama rigar kirki ɗaya gare ni, ta gaji da ni."

Ɗaya bayan ɗaya fuskokin suka ɓace. Ta kashe tata a ƙarshe.

Saƙo ya faɗo nan take: "Wasa kike da ni? Ina sunan?"

Ta rubuta: "Yallaɓai, yau mu tara muka karya doka. Ka fara da ni."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Sha biyu ta gota.

"Dogo ya ci gaba da aiki. Ke kuma Litinin ki zo ki yi wa hukumar kamfani bayani da bakinki."

Ta jingina da ƙofar siton. A kunnenta Dogo na karanta rahoto, tsohon na kira daga nesa.